Waƙar Reno A Ɗakin Allura

Daga Wakilinmu

A ƙasar Hausa a yau babu abin da ake razana yaro da shi kamar allura. Da can dodo ne da kura, yanzu kuwa likita ya gaje su. Yaro ya ƙi cin tuwo, ko ya dami uwarsa da rigima, sai ka ji ta ce, "In ba ka yi shiru ba yanzu in kira likita ya tsira maka allura." Ita dai sauƙi take nema, ba ta san bashi take ci ba. Ranar biya kuwa ita ce ranar da zazzaɓi ya kwantar da yaron nan, aka saɓe shi aka kai asibiti, ya buɗe ido ya ga mai farar riga ya nufo shi da abin da aka daɗe ana yi masa alkawari.

Abin da ke biyowa baya duk wanda ya taɓa jinyar yaro ya san shi. Mutum uku ko huɗu za su taru a kan ɗan shekara huɗu, wani ya danne ƙafa, wani ya riƙe hannu, uwa ta kau da kai tana hawaye, malamin asibiti yana laluben jijiya. Tsoro kuwa yana sa jijiyoyin fata su tsuke, ga shi yaro yana fizge-fizge, saboda haka sai a soka a rasa, a sake sokawa a rasa, har a koma bayan ƙafa ko fatar kai. Kafin a gama kowa ya jigata, kuma yaron ya koyi darasin da ba zai manta ba, watau asibiti wurin azaba ne.

Wannan magana ta fi nauyi a arewacin Jihar Zamfara, daga Ƙauran Namoda, inda layin dogon da ya taso daga Zariya ya tsaya tun 1929, zuwa Shinkafi da Zurmi. A watan Yuni na 2024 Ma'aikatar Lafiya ta Jihar tare da Ƙungiyar Likitoci Na-Gari-Na-Kowa, watau MSF, sun auna yara 97,149 'yan ƙasa da shekara biyar a wurare 21 na yankunan Shinkafi da Zurmi. Suka tarar kashi 27 cikin ɗari suna fama da tamowa, kashi 5 cikin ɗari kuma tasu ta yi tsanani. Kafin nan, a ƙarshen 2016, a ƙaramar hukumar Zurmi ce annobar sanƙarau ta fara ɓulla, wadda ta bazu zuwa Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja a 2017, ta kama mutum fiye da 14,000, ta kashe fiye da 1,100, kuma yara 'yan shekara 5 zuwa 14 su suka fi yawa cikin waɗanda ta kama. Ga baƙon dauro, ga zazzaɓin cizon sauro da damina, ga amai da gudawa.

Kowace ɗaya daga cikin cututtukan nan tana zuwa da nata tsinin. Mai gudawar da ta yi tsanani sai an sa masa allurar ƙarin ruwa. Wanda zazzaɓi ya shanye wa jini sai an ɗebi jininsa an auna, sa'an nan a ƙara masa. Mai tamowa da ya kasa haɗiya sai an zura masa roba ta hanci har ciki don a ba shi madara. Wanda ake zaton sanƙarau kuwa sai an lanƙwasa shi an soka allura a gadon baya an ɗebo ruwan laka. Ba ɗayansu da za a iya fasawa, domin a kansu rai ya rataya. Abin tambaya shi ne ko akwai hanyar da za a rage wa yaro firgita, wadda ba ta bukatar kuɗi ko wutar lantarki.

ABIN DA AKA GWADA

Likitoci a ƙasashe da dama sun ɗauki wannan tambaya da muhimmanci, sun kuma gwada waƙa da kiɗa kamar yadda ake gwada magani. A birnin Edmonton na ƙasar Kanada, wata masaniya mai suna Lisa Hartling da abokan aikinta sun raba yara 42 'yan shekara 3 zuwa 11 kashi biyu a ɗakin gaggawa na asibitin yara. Dukansu za a sa musu allurar jijiya ne, amma kashi ɗaya aka kunna musu kiɗa, ɗaya kashin aka yi musu yadda aka saba. Sakamakon ya fito a 2013. Yaran da ba su ji kiɗa ba sun ce zafinsu ya ƙaru bayan an soka, na masu kiɗa kuwa bai motsa ba. Abin da ya fi jan hankali shi ne maganar ma'aikatan da kansu. A ɓangaren masu kiɗa, kashi 76 cikin ɗari na masu sa allurar sun ce aikin ya zo musu da sauƙi ƙwarai, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 38 kaɗai suka ce haka. Watau amfanin bai tsaya ga yaro ba, har mai riƙe da allura ya samu.

A birnin Hanoi na ƙasar Biyetnam an yi irin wannan gwaji a kan aikin da ya fi allurar hannu ban tsoro, watau ɗibar ruwan laka. Yara 40 ne 'yan shekara 7 zuwa 12 masu sankarar jini. Rabinsu aka sa musu abin saurare a kunne da waƙar da su suka zaɓa, rabi aka sa musu abin amma babu sauti. Rahoton da ya fito a 2010 ya nuna masu jin waƙa sun fi ƙarancin zafi da fargaba, bugun zuciyarsu da numfashinsu kuma ba su hau kamar na sauran ba. Ga yankin da ya san sanƙarau kamar Zurmi, wannan labari ba na nesa ba ne.

Jarirai ma ba a bar su a baya ba. A Amurka, Joanne Loewy da jama'arta sun bi bakwaini 272 a ɗakunan jarirai na asibitoci 11, suka ga waƙar reno da aka rera a hankali tana kwantar da bugun zuciya, tana kuma taimaka wa tsotso. Sun fi ba da ƙarfi ga waƙar da iyayen suka zaɓa da kansu, wadda suka gada a gidajensu. A Montreal kuma, an tarar jaririn da aka kunna wa waƙa yakan yi kusan minti 9 kafin ya fara rigima, wanda aka kunna wa magana kuwa ba ya wuce minti 4 ko 5, alhali waƙar da harshen Turkanci take, wanda jariran ba su taɓa ji ba. Masana a Jami'ar Harvard sun tabbatar da makamancin haka a kan jarirai 144 da aka kunna wa waƙoƙin reno na ƙabilun da ba su sani ba. Zuciyarsu ta lafa. Ashe waƙar reno ba sai an fassara ta ba.

To, me ke kawo haka? Tun 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka bayyana cewa zafi ba ya tafiya kai tsaye daga fata zuwa ƙwaƙwalwa kamar saƙon waya. Akwai wani abu kamar ƙofa a cikin laka, wadda takan buɗe ko ta tsuke gwargwadon abin da ke zuwa daga jiki da kuma abin da ƙwaƙwalwa ke aikowa. Tsoro da zuba wa abu ido suna wangale ƙofar, natsuwa da shagala suna rage ta. Shi ya sa manomi zai yanke da lauje yana tsakar aikin gayya, ba zai sani ba sai ya ga jini. Hankalin yaro kuwa ƙanƙane ne, ba ya ɗaukar abu biyu a lokaci guda. In waƙa ta cika shi, abin da ya rage wa allura kaɗan ne.

BA BAƘON ABU BA NE

Kada mai karatu ya ɗauka wannan wata sabuwar dabara ce ta Turawa. Ibn Sina, a cikin babban littafinsa na likitanci, ya ambaci jijjiga yaro a hankali da rera masa waƙa cikin abubuwan da ke gina lafiyar jariri. A birnin Edirne na ƙasar Turkiyya akwai asibitin da Sarki Bayazid na Biyu ya gina, aka gama a 1488, inda matafiyin nan Evliya Celebi ya rubuta cewa makaɗa goma ke zuwa sau uku a mako suna yi wa marasa lafiya kiɗa. Sai a 1914 ne wani likitan fiɗa na Amurka, Evan O'Neill Kane, ya ba da labarin cewa yana kunna garmaho a ɗakin tiyata don ya kwantar da hankalin waɗanda zai yi wa aiki.

Mutanen arewacin Zamfara kuwa su ne na ƙarshe da za a koya wa ikon da sauti ke da shi a kan zuciya. Ƙasar da ta haifi Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa, ita ce kuma ta haifi Kassu Zurmi, wanda in ya taɓa kiɗan 'yan tauri sai ka ga ƙato ya tsuma, ya zare wuƙa yana gurzawa a jikinsa ba ko ƙifta ido. Kowa na da abin da zai ce game da maganin tauri, amma ba mai musun cewa kiɗan da kirarin su ke cire wa mutum tsoron ƙarfe. Haka manomi a gayya, haka ɗan dambe a fage. Haka kuma wanzamai, da suka san a tara 'yan shayi da hunturu su yi zaman jinya tare, ana yi musu zuga ana kiransu maza, ana cika su da kaji, suna waƙe-waƙensu har su warke. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa ba a tunkarar kaifi da shiru.

Sai dai fa kiɗan da ya dace da fage bai dace da gadon asibiti ba. Kiɗan tauri tayar da jini yake yi, ɗakin yara kuwa kwantar da jini ake nema. Abin da ake so shi ne sauti mai taushi, mai tafiya sannu kamar bugun zuciyar mutumin da ke hutawa, mai maimaita kansa, ba hawa ba sauka na ba-zata. Wannan ya fi zama wajibi a yankin da 'yan bindiga suka addaba shekara da shekaru, inda yara da yawa da ake kawowa asibiti sun taɓa kwana a daji suna jin harbi. Irin wannan yaro ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya zabura. In aka ce za a ɗaura lasifika a ɗaki a ƙure murya da sunan magani, to an ƙara ciwo ne.

Waƙar da ta cika waɗannan sharuɗɗa tana nan a kowane gida, ita ce wadda mata ke yi in suna goyo ko suna lallashi, suna bubbuga bayan yaro da tafin hannu. Ba ta bukatar batir, ba a sayenta a kemis, kuma yaron ya san muryar tun yana ciki.

KUNYA DA KAKA

To, me ya hana a ji ta a asibiti? A ganina babban dalili shi ne kunya. Mace a ƙauye takan shigo asibiti ne a matsayin baƙuwa, a takure, tana ganin wurin na masu boko ne, kuma abin da ake bukata daga gare ta shi ne ta yi shiru ta bi umarni. Ba za ta buɗe baki ta yi waƙa gaban namijin da ba ta sani ba sai in shi ya ce ta yi. In kuma yaron ɗan fari ne, abin ya daɗa wuya, domin al'ada ta hana ta ko faɗin sunansa, balle ta rungume shi tana yi masa tawai a bainar jama'a. Sau da yawa ma'aikacin da ba ɗan ƙasar ba yakan ga uwa ta kau da kai, ya zaci rashin kulawa ne, alhali alkunya ce, zuciyarta kuwa tana tafasa.

Amma al'adar da ta ɗaure uwa ita ce ta kwance kaka. Tsakanin kaka da jika babu kunya sai wasa. Ita ce ke kiran jikanta namiji maigida ko ango, ta kira ta macen kishiya, ta tsokane shi ta ce wane irin miji ne wannan mai kukan allura. Ita ce ta san waƙoƙin da uwar ma ba ta gama koya ba. Kuma duk wanda ya leƙa ɗakin yara a asibitocinmu zai ga tsofaffin mata zaune a kan tabarma, sun biyo 'ya'yansu ko surukansu jinya. An saba in za a yi wa yaro aiki a ce kowa ya fita sai mutum ɗaya. Da za a riƙa tambaya, "Inna, wa ya fi sabawa da ke ko da uwarsa?" a bar wadda yaron ya fi yarda da ita ta riƙe shi a cinya, a ce mata, "Yi masa irin wadda kike yi masa a gida," da an ga bambanci ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Akwai kuma maganar addini, wadda ba za a tsallake ta ba a jihar da ke aiki da Shari'a tun 2000. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, kuma akwai magidanta da ba za su so a kunna wa 'ya'yansu kiɗa ba ko a gadon asibiti. Ba a bukatar jayayya da su. Muryar uwa ko ta kaka ba goge ba ce, ba kalangu ba ce. Yaron da ya saba jin karatun Alƙur'ani da asuba, ko salati, ko waƙoƙin bege irin na Ishiriniya, ko waƙoƙin da ake koya musu a Islamiyya, to wannan shi ne sautin da ya san shi da aminci, shi kuma ya kamata ya ji. A gwajin Hanoi ma ai yaran ne suka zaɓi abin da za su saurara.

IYAKAR ABIN

Wajibi ne a faɗi iyakar wannan magana, don kada a ɗora wa waƙa kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Yawancin gwaje-gwajen nan ƙanana ne, yara arba'in ko hamsin, kuma ba yadda za a ɓoye wa yaro cewa yana jin kiɗa kamar yadda ake ɓoye ainihin ƙwaya a gwajin magani. A gwajin Edmonton ma, raguwar firgita ta bayyana ne sosai sai da aka ware yaran da ba su tsorata ba sam yayin aikin. A 2018 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 59 da suka shafi yara da matasa 5,550 a kan dabarun rage zafin allura ba da magani ba. Ta ce shagaltar da yaro yana taimakawa, amma ta yi gargaɗi cewa ingancin hujjojin bai kai yadda ake so ba. Waƙa tana rage zafi da tsoro, ba ta kawar da su. Ba ta maye gurbin allurar kashe zafi a wurin ɗinki ko kaciya, ba ta maye gurbin jini ko iskar numfashi ko isassun ma'aikata. Haka nan ba ta halatta abin da likitoci suka hana. Cire beli da aska a zaure yana nan da haɗarinsa na zubar jini da ciwon sandarewa, ko da duk matan unguwa sun taru suna waƙa.

Duk da haka, barin yaro cikin zafi da firgita ba ƙaramin abu ba ne da za a ce zai manta. Anna Taddio ta birnin Toronto ta nuna a 1997 cewa jariran da aka yi wa kaciya ba tare da kashe zafi ba sun fi sauran kuka da nuna jin zafi a ranar rigakafi, wata huɗu zuwa shida bayan haka. Jiki yana riƙe abin da baki bai iya faɗa ba. Uwar da ta ga yadda ɗanta ya sha wahala a allurar farko kuwa, da wuya ta sake ɗaukar hanya mai haɗari daga ƙauye don ta biyu, kuma Zamfara na cikin jihohin da suka fi ƙarancin yaran da suka kammala rigakafi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari a 2015 kan rage zafi a lokacin rigakafi, kuma kusan dukansu masu sauƙi ne. Mai kula da yaro ya kasance a wurin ya riƙe shi a jiki, ba a kwantar da shi a danne ba. Jariri a ba shi nono yayin allurar ko gab da ita. Yaro ɗan ƙasa da shekara shida a shagaltar da shi da abin wasa ko waƙa ko hira. Kuma kada a yi masa ƙarya a ce ba zafi, domin in ya ji zafin ya daina yarda da kowa a ɗakin. Hukumar ta kuma sa wasa da tausaya wa yaro cikin matakai goma na jinyar tamowa mai tsanani, har ta ce a ware minti 15 zuwa 30 kowace rana don wasa da shi, saboda yaron da yunwa ta cinye yakan daina murmushi da motsi, kuma madara kaɗai ba ta dawo da su.

Masu aikin sun lura da wani ɗan sirri game da lokaci. Ba a jira sai an soka sa'an nan a fara waƙa, domin yaron da ya riga ya ɓarke da kuka ba ya jin kira. Ana farawa ne tun ana haɗa kayan aiki, a juya fuskarsa ga mai waƙar ba ga tire ba, a ci gaba har a gama, a kuma ɗan ƙara bayan an cire hannu. Yaron da ya yi wayo, ɗan shekara bakwai ko takwas, an fi so a sa shi ya yi amshi da bakinsa, ko ya karanta surar da ya haddace a makarantar allo, domin mai rerawa dole ya ja numfashi mai tsawo ya sake shi a hankali, wannan kuwa shi kansa yana saukar da bugun zuciya. Inda babu uwa babu kaka a kusa, wayar hannun ma'aikaci ta isa, muddin an rage sauti, an kuma tambayi yaron abin da yake so ya ji.